Jujin da Ya Rufa wa Ganuwa Asiri

Duk wanda ya yi karatu a Azhar kafin shekarar 2000 ya san tudun Darrasa, ko da bai taɓa tambayar sunansa ba. Idan mota ta kwaso ɗalibai daga Madinatul Bu'us, masaukin baƙin ɗalibai da ke Abbasiyya, ta biyo titin Salah Salim za ta karya zuwa tsangayoyin Shari'a da Usuluddin, ga shi can gaba a tsaye, toka-toka, ko ganye ɗaya babu a jikinsa. Ba dutse ba ne irin Muƙaɗɗam da ke fuskantarsa daga gabas. Shara ce. Kimanin shekara 500 mutanen Alƙahira suka yi suna jibge ɓaraguzan gini da tokar murhu da tsingaro da duk abin da gida ya gaji da shi a wannan wuri, har ya tasa ya zama tsauni, zurfinsa a wasu sassan ya kai mita 40. Da iskar hamsin ta taso da bazara, ƙurarsa ce ke sauka a kan shanyar matan unguwar Darbul Ahmar, ita ce kuma muke hurewa daga shafukan littattafai.

Mu 'yan Najeriya da 'yan Nijar ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Mun baro juji a gida, mun zo ƙasar Larabawa mun tarar da babansa, magana ta ƙare. Malaman tarihi sukan faɗa mana cewa a 1798, da mutanen birni suka yi wa sojojin Napoleon bore, daga Ƙal'ar Salahuddin da tuddan gabashin nan Faransawa suka saita igwa suka yi wa unguwar Azhar ruwan wuta. Ban da wannan, babu wani abu na tudun da ya shiga darasi.

Yau wurin shi ne Lambun Azhar, mai faɗin hekta 30, wanda aka yi bikin buɗewa a watan Maris na 2005. Da na koma Alƙahira, furfura ta fara fitowa, wani abokin karatuna da ya yi zamansa can ya ce, "Malam, littattafan unguwar Husaini ba za su gudu ba. Taso mu je Darrasa ka sha iska." A zamaninmu da wani ya faɗi haka, da mun ce baƙar magana yake yi.

Babbar ƙofar tana kan titin Salah Salim. Ka yanki tikiti ka shiga, sai ƙarar motoci ta fara ja da baya. Abu na farko fili ne shimfiɗe da dutse, ruwa na tsartuwa daga ƙasa, yara na ratsawa a guje iyayensu mata na ƙwala musu kira. Daga nan wata doguwar hanya ta miƙe kudu tsakanin sahu biyu na dogayen itatuwa dangin dabino, an saita ta yadda duk inda ka ɗaga kai idonka a kan Ƙal'ar Salahuddin zai sauka, da ƙubbobin masallacin Muhammad Ali a samanta. Siraran magudanan ruwa na bin tsakiyar hanya, irin tsarin lambunan Musulmi na dā. Akwai tafki a can kudu, akwai gidan cin abinci a kan tudun arewa. Amma inda ƙafata ta tsaya shi ne gefen yamma, inda ƙasa ta gangara kwatsam, tsohon birni ya baje a ƙarƙashinka: masallacin Sultan Hasan da na Rifa'i kafaɗa da kafaɗa, tagwayen hasumiyoyin Babu Zuwaila, hasumiyar Guri mai kai biyu a Azhar, da rufin gidaje dubbai cike da tarkace da kejin tantabaru. Na yi shekaru ina kutsawa cikin lungunan nan da ƙafa, ban taɓa ganin yadda suke haɗe da juna ba sai ranar. Da magariba ta yi, kiran salla ya taso daga ƙasa, wani ladan na gamawa wani na farawa, mutane suka jera sahu a kan ciyawa.

A kan ciyawar nan kuma rabin abin kallon yake. Iyali guda, tun daga kaka har jariri, sun shimfiɗa bargo, ga tulin burodi, ga waken turmus, ga 'ya'yan kabewa ana ɓarzawa. Masu baiko na zaune gefe, ƙanen yarinya na gadinsu daga ɗan nesa. Amare da fararen riguna na bin layi a ɗauke su hoto da Ƙal'a a bayansu. Wanda bai san Alƙahira ba zai ce wannan ai ba wani abu ba ne. Wanda ya santa ya ga magidanci ya kwaso iyalinsa da daddare sun zauna a 'yar ciyawar da ke raba titi biyu, ko a kan gadar Nilu bisa kujerun roba, hayaƙin mota na dukansu, don ɗakin da suke kwana ba ya shaƙuwa da zafi. Shi ya sa ba na tare da masu cewa lambu kayan ƙawa ne, gara a yi asibiti da kuɗin. Mai gida da farfajiya ne ke faɗin haka.

Asalin maganar ta taso ne a 1984. Aga Khan na Huɗu, Karim al-Husaini, shugaban Isma'iliyya, ya zo Alƙahira taron masana gine-gine a kan yadda birnin ke kumbura, a nan ya bayyana niyyarsa ta yi wa birnin kyautar lambu. Zaɓin Alƙahira ba haka kawai ba ne. Mabiyansa suna danganta shi da halifofin Faɗimiyya, waɗanda kwamandansu Jauhar ya kafa birnin a 969 ya kuma aza tubalin masallacin Azhar shekara guda bayan haka. Na san abokan karatu da har yau suke ɗaure fuska idan aka ambaci mai kyautar, saboda saɓanin aƙida. Saɓanin na nan, ba ni zan share shi ba. Sai dai na ga 'ya'yansu a kan lilo a cikin lambun.

Tsakanin niyya da buɗewa shekara 21 aka yi. Kafin a sa fartanya, gwamnati ta riga ta ware tudun don gina manyan tankunan ruwan sha guda uku da tallafin Amurka, kowanne faɗinsa mita 80. Dole aka jira aka gama su, sannan aka sake zanen lambun ya hau kansu ya lulluɓe. Mai yawo a can yau yana taka ruwan da unguwanni ke sha bai sani ba. Sai kuma ita kanta ƙasar. Sharar ƙarni biyar ba ƙasar noma ba ce: gishiri ya yi mata yawa, kuma ba ta da ƙarfi, tana jin ruwa sai ta zauna. An kwashe lodin tifa sama da 80,000, aka daddaɓe abin da ya rage, aka shimfiɗa abin da zai hana ruwan ban-ruwa nitsewa cikin tsohon juji, sannan aka zubo ƙasa mai kyau a sama. An kafa wuraren renon shuka a nan da kuma wajen gari, aka yi shekaru ana gwada wace bishiya za ta jure wace ba za ta jure ba, har aka dasa tsirrai sama da 655,000. Tafkin nan da ake ɗaukar hoto a bakinsa ma'ajiya ce ta ɗanyen ruwan Nilu da ake shayar da su. Kuɗin aikin ya kai dala miliyan 30.

Tambayar da ta fi damuna ba yadda aka yi ba ce. Ta yaya fili mai hekta 30, a tsakiyar birnin da mutane ke kwana a maƙabarta don rashin muhalli, ya kai ƙarshen ƙarni na 20 babu wanda ya yanka shi fuloti? Amsar ita ce rashin ƙarfin ƙasar nan. Ba ta ɗaukar bene sai an kashe kuɗin da ya fi ribar benen, har 'yan gine-ginen da ke cikin lambun sai da aka yi musu tushe na musamman. Babu ɗan kwangilar da ya yi kwaɗayinta, babu babban mutumin da ya nemi a rubuta masa ita. Wani hani ga Allah baiwa ne. Da ƙasar Darrasa lafiyayya ce, da Aga Khan ya zo ya tarar da gidaje hawa goma.

Jujin bai tsaya ga tsare fili ba. Da ake yanke gangaren yamma, sai ganuwa ta fara fitowa. An san tana nan, don kawunan wasu hasumiyoyinta na leƙowa, amma ba wanda ya yi zaton za a same ta haka: kusan kilomita ɗaya da rabi na dutse sassaƙaƙƙe, da hasumiyoyin tsaro masu ɗakuna, da tagogin harba kibiya, da ƙofofi irin Babul Barƙiyya da Babul Mahruƙ, wani wurin a binne har zurfin mita 15. Salahuddin al-Ayyubi ne ya ba da umarnin gina ta a 1176, wanda ya tsaya a kan aikin kuwa Baha'uddin Ƙaraƙush ne, mutumin da har yau Misirawa ke buga misali da shi wajen hukuncin kama-karya. Da birni ya daina tsoron hari daga gabas, ganuwa ta rasa aiki, sai ta zama katangar da ake cilla shara ta bayanta. Sharar ta taru, ta kai mata wuya, ta shanye ta. Sassan ganuwar Alƙahira da suka zauna a sarari da yawa sun tafi: an ciri duwatsunsu an yi gini, an fasa su an fitar da titi. Wannan da aka wulaƙanta ita ta tsira, kamar garwashin da toka ta rufe ya kwana da ransa.

Akwai abin murmushi a nan ga mai son tarihi. Salahuddin shi ne ya kawo ƙarshen daular Faɗimiyya a 1171. Bayan shekara 800 da 'yan kai, mutumin da ake kira jikan Faɗimiyyawa shi ya biya kuɗin wanke masa ganuwa dutse bayan dutse.

Bayan ganuwar Darbul Ahmar ce, unguwar talakawa masu sana'ar hannu, kafintoci da maƙera da masu ɗinkin rumfuna, zaune a tsakanin masallatan Mamalik da babu kamarsu a duniya. Gidaje da dama sun jingina da ganuwar, wasu ma a kanta aka ɗora su. Al'adar hukumomin kayan tarihi a irin wannan hali sananniya ce: a tashi mutane, a share fili, a bar abin tarihi shi kaɗai a kewaye da shinge. Masu aikin lambun suka ja da wannan ra'ayi, suka nemi a gyara gidajen mutane na ciki. An koya wa samarin unguwa sassaƙar dutse da aikin katako, an ba da ƙananan rance, an mai da wata tsohuwar makaranta a Darb Shuglan cibiyar jama'a. Hasumiyar masallacin Ummu Sultan Sha'aban da ta Khairbak, waɗanda girgizar ƙasa ta 1884 ta fille wa kai, an mayar musu da kawunansu. Ba zan ce unguwar ta fita daga talauci ba, don na bi ta da ƙafa na ga gidajen da aka tokare da katako. Amma mutanen da suka sha ƙurar tudun ƙarni bayan ƙarni ba a kore su ranar da ya yi kore ba, kuma a biranen da na sani wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kar a ɗauka Alƙahira ta zama birnin lambuna. A daidai shekarun da take samun wannan, tana asarar waɗanda ta gada. Azbakiyya ce babban misali, kuma duk ɗalibin Azhar ya san ta saboda kasuwar tsofaffin littattafai da ta kasance a jikin shingenta. Tafki ce a dā, wanda Amir Azbak ya haƙa a zamanin Sultan Ƙaitbai, manya suka kewaye shi da gidaje. A ƙarni na 19 aka cike shi, sannan a 1872 Khidiwi Isma'il ya sa Barillet-Deschamps, Bafaranshen da ya yi aikin lambunan Paris, ya tsara masa lambu a wurin, da itatuwan da aka ɗauko daga ƙasashe masu nisa. A gidan wasan da ke cikinsa Ummu Kulsum ta yi shekaru tana waƙa. Daga baya aka ratsa titi ta tsakiyarsa, aka gutsiri wani yanki aka yi ginin tarho, aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ci wani, masu littattafai ma aka yi ta ɗaga su daga wuri zuwa wuri. Gidan opera da ke maƙwabtaka da shi ya ƙone a 1971, aka gina benen ajiye motoci a gurbinsa. Babu wanda ya tashi rana ɗaya ya ce a kashe Azbakiyya. Kowane yanki da aka ɗauka akwai hujja mai kyau a bayansa, don ƙasarta tana tsakiyar kasuwa kuma tana ɗaukar gini. A 2019 da 2020 haka aka yi wa itatuwan unguwar Misrul Jadida, aka sare su don faɗaɗa tituna da gadojin sama.

Ina tsaye a kan ganuwar Salahuddin, ba yadda za a yi Bakano bai tuna badala ba. Bisa lissafin Tarihin Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara ta tun farkon ƙarni na 12, wato ta girmi wannan da nake takawa. Bambancin shi ne tamu ta ƙasa ce. Dutse yana jure binnewa, ginin ƙasa kuwa yaɓe yake so duk shekara, kuma tun da aka daina gayyar yaɓe damina ke cinta, masu ɗibar ƙasa na taya ta. Abin da ya rage kuma yanzu ya zama bakin titi mai tsada, shaguna na tsirowa a inda muka taso muna hawa muna gangarowa. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gina birni a cikinsu, waɗanda ke shanye ruwan sama, su ma hanyarsu ɗaya: a fara zuba shara, shara ta cika, a zubo yashi, a kafa harsashi. Da damina ta yi ƙarfi ruwan ya zo neman gidansa na dā ya tarar da kanti, sai ya shiga ɗakunan mutane. Muna da jujin, muna da ganuwar, har ruwan muna da shi. Abin da Darrasa ta fi mu da shi kawai shi ne ta yi shekaru babu mai so.

Komawa lambun, akwai abin da ya tsaya mini a rai, shi ne tikiti. An tsara wurin ya riƙe kansa da kuɗin shiga da na gidajen abinci, kada ya dogara da baitulmalin gwamnati, kuma an yi wa mazauna unguwannin da ke kewaye rangwame. Hujjar tana da ƙarfi. Duk wanda ya ga yadda lambun hukuma ke komawa bayan shekara biyar, famfo ya ƙafe, fitila ta mutu, ciyawa ta zama turɓaya, ya san dalilin da ya sa ciyawar Azhar ke kore har yanzu duk da mutum kusan miliyan biyu da ke tattaka ta a shekara. Amma magidanci mai 'ya'ya shida lissafi yake yi a bakin ƙofa, kuma kuɗin na ƙaruwa ranakun hutu da na idi, wato ranakun da shi ma yake da sarari. A cikin lambun ma akwai hawa-hawa: masu cin abinci a tudun arewa daban, masu bargo da turmus daban. Babbar ƙofa ta fuskanci titin masu mota, ta unguwa kuwa ƙarama ce a ƙasan gangare. Na tambayi wani dattijo mai ban-ruwa ko 'yan Darbul Ahmar na shigowa. Ya ce, "Suna zuwa, ya Shaikh, amma ba kullum ba. Ranar Shammun Nasim ka zo ka gani, ko wurin sa ƙafa ba za ka samu ba." Ranar ce Misirawa, Musulmi da Kirista, ke fita lambuna da kifi mai gishiri da albasa da dafaffen ƙwai don tarar bazara.

Ta gefen gabas, tsallaken titi, maƙabartu ne iya ganinka, ƙubbobin sarakunan Mamalik na tsaye a cikinsu. Wadda ta fi kusa ana kiranta Mujawirin, don a nan ake binne ɗaliban Azhar da malamansu, ciki har da baƙin da suka zo neman ilimi ajali ya riske su. Mutanenmu sun daɗe a wannan hanya. Azhar na da ruwaƙin Barnawa, wato masaukin ɗalibansu, tun kafin a san za a yi ƙasa mai suna Najeriya. A Alƙahira Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen nan masanin lissafi da taurari, ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti. A wata maƙabartar ta kudu kuma Imam Suyuɗi yake kwance, wanda ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Tun daga 2020 katafila ta fara shiga sassan waɗannan maƙabartu, ana kwashe ƙasusuwa ana rushe hubbarori don sababbin tituna da gadoji. Matattu ma, ashe, a kan ƙasa mai tsada suke.

Darrasa kanta yanzu ta daina zama wurin da babu mai so. Abin da ke tsare ta a yau tankunan ruwan nan ne uku da ba a iya ɗagawa, da kuɗin tikiti, da yarjejeniyar da gidauniyar Aga Khan ta sa wa hannu da gwamnatin lardin Alƙahira a 2007 kan tafiyar da lambun. Mai kyautar ya rasu a Lisbon a watan Fabrairu na 2025, aka kawo shi Aswan aka binne kusa da kakansa. Yarjejeniyar mai wa'adi ce. Ranar da za a zauna sabunta ta, mita guda ta ƙasar da ke kallon Ƙal'a za ta yi tsadar da ba wanda ya yi tunaninta a 1984, kuma injiniyoyi sun daɗe da sanin yadda ake kafa bene a kan ƙasa mai taushi.